Ƙamus ɗin Cambridge na intanet da rikicin "can" da "may"

Bahaushe yana cewa "zan iya shiga?" ko yana neman izini ne ko yana tambayar ko ƙofar za ta buɗu. Ana cewa Turanci ya raba wannan aiki tsakanin "can" da "may", kuma a kan wannan rabon ne za mu auna shafin Cambridge Dictionary, wanda ake shiga kyauta.

Idan ka rubuta "may" a akwatin bincike, za ka samu ma'anoni a jere, da lafazi iri 2, na Ingila da na Amurka, da alamar matakin koyo, wadda ke farawa daga A1 ta kai C2. Wannan bai wadatar ba. Amfanin na gaske yana sashen nahawu, a shafin da ya haɗa "can", "could" da "may" wuri guda. A wannan shafin ne aka nuna cewa duka ukun ana neman izini da su, sai dai ladabinsu hawa-hawa ne: "can" na yau da kullum, "could" ya fi shi taushi, "may" kuma na gaban manya da takardun hukuma. Wannan ya warware tsohon kuskuren nan da ake koyarwa, wai "can" na iyawa ne kawai. Masu harshen kansu suna neman izini da shi kullum, ba wanda ke ganin rashin kunya ce.

Shafin ya kuma fayyace abin da ke kayar da mutane da yawa: ana roƙon izini da "could", amma ba a bayar da shi da ita. Wanda aka ce wa "Could I sit here?" amsarsa "Yes, you can".

Inda ya gaza shi ne taƙaitawa. Misalan gajeru ne, ba sa nuna wa ke magana da wa, alhali nan ne ladabi yake. Mai koyo da ya riƙe cewa "may" ta fi girmamawa sai ya rubuta wa shugabansa "May you sign this?", yana ganin ya kai ƙarshen biyayya. Jimlar ba ta zauna ba, domin "may you" salon addu'a ne, irin na "Allah ya ja kwana". Roƙon wani ya yi abu da "could you" ko "would you" ake yin sa. Haka "He may not come" tana ɗaukar ma'ana 2, ko an hana shi zuwa ko wataƙila ba zai zo ba, kuma a yarjejeniya ko takardar amincewa wannan harshen damo yana jawo gardama. Ya kamata a ce irin wannan gargaɗi yana gaba-gaba da manyan haruffa.

Tallace-tallace sun cika gefen shafin, a waya kuma suna raba bayani biyu. Bayanin gaba ɗaya da Turanci yake, don haka ya fi dacewa da wanda ya riga ya wuce matakin farko.