Filekshin da abdakshin: ina suka rabu?

Ƙanwata, kin ce kina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, kuma kalmomi huɗu sun hana ki sakat: filekshin da ekistenshin, abdakshin da adakshin. Kika ce tunda duka ɗaga hannu ne da sauke shi, me ya raba su?

Kafin komai, tashi tsaye. Fuska na kallon gaba, hannuwa a sake a gefe, tafin hannu na kallon gaba, manyan yatsu na nuna waje. Daga wannan tsayuwar masana jikin ɗan Adam ke auna kowane motsi, ko da mara lafiya yana kwance rigingine ko rub da ciki. Dama da hagu kuwa nasa ake nufi, ba naki ba.

To, ki ɗauka za a tsaga jiki kamar kankana. Tsagar da ta raba dama da hagu ita ce sajital, asalinta kalmar Latin ce mai nufin kibiya. Wadda ta raba gaba da baya ita ce koronal, daga kalmar kambi. Akwai ta uku mai raba sama da ƙasa, amma ita juyi ta shafa, mu ajiye ta.

Filekshin da ekistenshin gaba da baya suke tafiya, wato a tsagar sajital. Filekshin lanƙwasawa ce, kusurwar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu ta ragu, ekistenshin kuma miƙewa. In kika kai loma baki, kin yi filekshin a gwiwar hannu. Ruku'u filekshin ne a kwatangwalo, ɗagowa daga ruku'u ekistenshin.

Abdakshin da adakshin su kuma gefe suke bi, a tsagar koronal. Na farko nisanta gaɓa daga tsakiyar jiki, na biyu dawo da ita. Wannan kullum za ki gan shi a wurin aiki: ki ce wa yaro ya buɗa hannu ki sa ma'aunin zafi a hammata, abdakshin ke nan, ki ce ya matse, adakshin.

Saboda haka ɗaga hannu iri biyu ne. In ta gaba kika ɗaga, kamar mai miƙa kuɗi, filekshin ne. In ta gefe, kamar kaza ta buɗe fiffike, abdakshin ne. Tsokokin ma da bambanci. A na gefen, wata ƙaramar tsoka da ke saman allon kafaɗa ce ke fara aikin zuwa kusan digiri 15, babbar tsokar kafaɗa ta kai shi 90, daga nan sai allon kansa ya juya kafin hannu ya kai 180. Kafaɗa da kwatangwalo suna yin duka huɗun. Gwiwar hannu kuwa kamar ƙyauren ƙofa take, lanƙwasawa da miƙewa kawai ta sani.

Wurare biyu ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Kada ki haddace cewa filekshin gaba yake nufi, domin gwiwar ƙafa baya take lanƙwashewa, kuma filekshin ne. Sannan a yatsu ba tsakiyar jiki ake dubawa ba: a hannu yatsan tsakiya ne ma'auni, a ƙafa yatsa na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne harafin nan guda da ya raba abdakshin da adakshin a rubutun Turanci, abduction da adduction. A Latin, ab na nufin daga, ad na nufin zuwa, amma a kunne kusan ɗaya suke, shi ya sa za ki ji wasu likitoci na furta haruffan farko ɗaya bayan ɗaya. Ki yi koyi da su. Ga dalili: wanda aka yi wa tiyata ta bayan kwatangwalo aka sa masa na roba da ƙarfe, akan gargaɗe shi kada ya yi filekshin fiye da digiri 90, kada kuma ya harɗe ƙafafu, domin harɗewa adakshin ce kuma tana iya goce sabuwar gaɓar. Shi ya sa ake sa masa matashi tsakanin cinyoyi, ƙafafu su zauna a ware. In rubutun likita bai fito miki ba, ko b ce ko d, ki koma ki tambaye shi kafin ki taɓa ƙafar.