Ɓeraye Biyu a Tsibirin Bylot: Mai Wuya da Mai Ruwan Ƙasa

A tsibirin Bylot, can arewacin Kanada, ɓerayen lemin iri biyu ne ke zaune wuri guda. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai kuma mai zane a wuya kamar sarƙa.

Mai ruwan ƙasa ɗan fadama ne. Ciyawa yake ci, da gansakuka, abincin da ba ya riƙe ciki, shi ya sa kusan kullum bakinsa na motsi. Mai wuya kuwa ya fi son tudu busasshe, inda wilo ke yaɗo, wata bishiya da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Idan hunturu ya shigo sai gashin mai wuyan ya koma fari fat, faratansa na gaba su yi kauri su rabu biyu, ya riƙa haƙa dusar ƙanƙara da su kamar da fartanya. Wannan shiri nasa yana burge ni ƙwarai.

Da an ɗauka kowa da akushinsa. Sai masu bincike, a wani aiki da aka wallafa a 2015, suka duba ƙwayoyin halittar tsirrai a cikin kashin da ɓerayen suka bari a sheƙunansu na hunturu, suka tarar dukansu wilo suka fi ci. Wannan na iya jawo gasa a ƙarƙashin ƙanƙara, musamman a shekarar da suka yi yawa, wadda ke zagayowa duk bayan shekara 3 zuwa 4.

A ganina mai ruwan ƙasa ya fi samun sauƙi, domin in wilo ya yi ƙaranci yana da gansakuka.