Gidan wasan Globe na Landan: a tsaye ake karatun

Mai nazarin tarihin wasan kwaikwayon Turai, idan ya samu zuwa Landan, da wuya ya tsallake Shakespeare's Globe, gidan wasan da aka gina a kan fasalin wanda ake nuna wasannin marubucin Ingila William Shakespeare a zamaninsa, da ke kudancin Kogin Thames. Abu biyu ake sayarwa: zagayen gini tare da ɗan jagora, da tikitin kallon wasa. Wanda kuɗinsa na ɗaya ne kawai, ya sayi na kallo.

Ginin ba na asali ba ne. Na farko an gina shi a 1599, ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa ana cikin wasa, wuta ta kama jinka. Aka sake ginawa a 1614, aka rufe a 1642. Wannan na yanzu an buɗe shi a 1997, kimanin mita 230 daga tsohon wurin, bisa naciyar ɗan wasan Amurka Sam Wanamaker, wanda ya rasu kafin a gama. Katakon oak ne, kusurwa 20, rufin ciyawa, tsakiya a buɗe. Ba wanda ya gaji zanen ginin farko, don haka an dogara da tsofaffin hotunan birni da harsashin gidan wasan Rose, wani na zamanin Shakespeare, da aka tono a 1989. Jagora nagari yakan faɗi wannan, wani kuwa sai ya yi ta bayani kamar ya ga abin da idonsa. Tambaye shi wane sashe ne hujja, wane ne kintace.

Zagayen ya dogara da sa'a. Ranar da ake gwajin wasa, bayani yakan ragu, a hana ɗaukar hoto, amma za ka ga yadda ake aiki.

Tikitin tsayuwa a filin tsakiya shi ne mafi araha, ya yi shekaru da dama ana sayar da shi fam 5. Filin yana ɗaukar mutum 700, kuma a nan darasin yake. Haske ɗaya ne a kan ɗan wasa da ɗan kallo, kowa na ganin kowa. Sai ka gane cewa idan jarumi ya tsaya yana magana shi kaɗai, ba da zuciyarsa yake ba, da jama'a yake. Ka kuma gane dalilin da marubutan zamanin Shakespeare suke sa a furta da baki cewa dare ya yi: a wancan lokacin da rana ake wasan, babu labule, babu fitilar da za a rage.

Wahalarsa fa? Wajen awa uku a tsaye, ba a yarda a zauna a ƙasa ba. Ruwan sama ba ya tsayar da wasa, an kuma hana laima, sai rigar ruwa. Je da wuri ka samu bakin dandamali ka jingina. Masu zama, benci ne na katako, sai an yi hayar matashi, kuma ginshiƙai biyu na dandamali suna tare wa wasu kujerun gefe gani. Jiragen sama masu wucewa sukan cinye magana.

Lokacin wasan waje daga wajen Afrilu ne zuwa Oktoba. Da hunturu sai ƙaramin ɗakin Sam Wanamaker Playhouse, wanda aka buɗe a 2014, kujeru 340, da kyandir ake haska shi. Wasannin tsohuwar Girka da na ƙarni na 19 kuwa, ginin nan bai da abin da zai koya maka a kansu.