CES ɗin unguwarmu ko lakwal ɗin cikin gari? Ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Duk shekara in rantire ta matso magana guda ce ke yawo a Maraɗi, a bar yaro lakwal ɗin gwamnati ta unguwa, ko a nemi hanya a maida shi cikin gari, ko kuwa a ɗaure ciki a biya pirive. Ni ɗiyata tana CES ɗin unguwarmu, wato lakwal ɗin gwamnati mai kolej da lise wuri guda, tun siziyam (ajin farko na kolej), bana ta shiga sagwan (ajin farko na lise), sannan ɗan ƙanena da ke zamne wurina yana wata tsohuwar lakwal ta gwamnati a cikin gari, to bilitan biyu nike sa ma hannu duk sames, kuma taron uwayen yara biyu nike zuwa in Allah ya sa ina gari. Ba zan faɗi sunan ko ɗaya ba, don akwai wuraren da zan yi ƙorahi kuma mutanen da ke aiki can suna bakin ƙoƙarinsu.

Wanda bai san Maraɗi ba ya kamata ya gane cewa garin nan tahiya yake yi. Tun ambaliyar 1945 da gulbi ya ci tsohon gari anka hau tudu, har yau gari bai tsaya ba. Kakanninmu unguwannin Bagalam, Mokoyo, Limanci, Ɗan Gulbi da Maradawa sunka sani, mu munka tashi munka ga unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo suna cika, yanzu kuwa inda muke zuwa roron gujiya muna yara duk an yanka shi fuloti an kafa duwatsun iyaka. Buɗe jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a 2010 da ayyukan gyaran gari na Maraɗi Kwalliya a 2015 sun ƙara ja mutane waje, kwalta ta isa inda da sai amalanke. Matsalar ita ce gida ya hi aji saurin tashi. Mutum zai sayi hili yau, baɗi ya yi ɗaki biyu ya tare da mata da ɗiya bakwai, amma kahin gwamnati ta gina aji guda na siminti a wurin sai an sha jira.

Haka tamu ta fara. Lokacin da ɗiyata ta shiga siziyam rabin azuzuwan na zana ne, ba katanga, awaki da 'yan kabu-kabu ta tsakiyar hilin suke yanke hanya, in hunturu ya taso yara na dawowa gida fari fat kamar ba su yi wanka ba, kuma ruwan farko na damina in ya zo da iska to karatu ya ƙare ke nan ko da mushe bai gama porogaram ba. Gaskiya a lokacin in ka ce min in ba ta maki ko 6 bisa 20 ba zan ba ta ba. Abin da ya girgiza kowa shi ne gobarar watan Nuwamba 2021 a wata firamare nan cikin garin, inda yara ƙanana sama da 20 sunka rasu cikin azuzuwan zana, Allah ya jiƙansu ya ba uwayensu haƙuri. Daga ranar nan ko wanda bai taɓa taka ƙafa taron lakwal ba ya fara tambaya wane irin aji ɗansa ke zama.

To mi ya canza? Ni a ganina mutanen unguwa ne sunka canza kahin lakwal ta canza. Da farko manoma ne da masu ƙaramin ƙarhi da haya ta kora daga cikin gari. Sannu sannu sai ga malaman asibiti, ga mushe-mushe, ga 'yan duwan da jandarma, ga 'yan kasuwa masu zuwa Jibiya da Katsina sun yi gini sun tare. A gefe guda kuma ga 'yan uwanmu na ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ɓarayin daji sunka hana ma barci, sun taso da iyali sun raɓe wurin dangi. Dukansu lakwal guda ce kusa da su. Taron COGES, wato kwamitin uwaye da malamai mai kula da tahiyar lakwal, da a da mutum goma ke zuwa a karanta musu lissahi su ce to madalla, yanzu sai ka ga wata madam ta tashi ta ce a kawo rasit ɗin tabur-ban ɗin da anka ce an gyara, wani ya ce ina kuɗɗin alli na bara. Ba a jin daɗin tambayar amma tun da anka fara ta kuɗɗin kotizasiyon ya fara bayyana a ƙasa. Jika biyu muke badawa duk yaro a shekara, da shi da abin da wani Alhaji na unguwa ya taimaka anka ja pampo har cikin lakwal, anka gyara bayi anka raba na mata daban, sannan gwamnati ta kawo bulok na azuzuwan siminti. Har yanzu akwai zana, 'yan siziyam ake turawa ciki, abin da ni ban yarda da shi ba ko kaɗan don su ne ƙanana, amma dai ba kamar da ba.

Maganar bayin nan kar wani ya raina ta. Mai ɗiya mace da ta kai katiriyam ya san abin da nike nuhi. Yarinya in ba wurin da za ta kewaya da ruwa, akwai kwanakin da ba za ta je ba duk wata, kuma ba za ta gaya maka dalili ba, uwarta kawai za ta sani. A wurin nan CES ɗinmu ta hi ta cikin garin nesa ba kusa ba, can ginin tsoho ne, an yi shi don yaran da ba su kai rabin na yanzu ba, ɗan ƙanena ya ce shi tun sahe ba ya shan ruwa da yawa don kar ya matsu.

Cunkoso ma abin mamaki can ya hi. Kowa na son suna, kowa na da wani da ya san wani, sai ka ga yaro gidansu na can bakin hanyar Tibiri amma an yi mai taransfar zuwa tsakiyar gari. Ajin ɗan ƙanena sun haura 90, mutum huɗu bisa tabur-ban guda kamar lodin motar Ɗan Isa ranar kasuwa, na baya ba ya ganin allo sai dai ya ari kaye ya kwahe da marece. Ajin ɗiyata ba su kai haka ba, har mushen faransanci ya san sunanta ya san inda take da rauni. Amma ina ganin wannan daɗin ba mai daɗewa ba ne, yadda ake ta aza bulo a bayanmu nan da 'yan shekaru mu ma haka za mu koma in ba a ƙara aji ba.

Inda tsohuwar lakwal ta yi muna hintinkau shi ne malamai, kuma nan ne zan ɗan tsaya don shi ne ainihin karatun. Can akwai tsoffin hannu, mutanen da sunka shekara da shekaru suna gyaran takardun BEPC da BAC, sun san irin tambayar da ke hitowa, sun san inda yaro ke faɗuwa. Mu nan yawanci kontaraktuwel ne da 'yan sarbis sibik, matasa masu jini a jika, wasu wallahi sun iya aiki kuma suna son yara, amma mutum albashinsa kaɗan ne kuma wani lokaci ya makara, dole ya nemi pirive inda zai yi awowi ya cika, ko ya yi kur a gidajen mutane da dare. Abin dariyar ma shi ne mushen lissahin da ke koya ma ɗiyata kyauta da sahe shi ne ke koya ma ɗan maƙwabcina a pirive da ake biya ma kuɗɗi masu yawa, littahi guda, darasi guda. Bambancin kawai can in bai zo ba a yanke mai, nan in an shiga girev sai yadda Allah ya yi. Sannan da yaro ya fara sabawa da malami sai ka ji an yi mai afektasiyon ko ya samu wani aiki ya tahi. Akwai shekarar da munka kai kusan hutun Disamba ba malamin fizik-shimi. Na je na samu shugaban lakwal na ce Mushe ya ake ciki, ya ce min Alhaji na rubuta na sake rubutawa, in ka san wanda zai iya ka kawo min shi ko yau ne. A ƙarshe wani ɗalibin jami'a da ke haya a unguwar ne ya riƙe ajin, COGES na ba shi kuɗɗin esans. Wannan ma amfanin canjin unguwa ne, da can ina za ka samu mai digiri a wurin nan.

Labo kuwa a tamu babu shi sam. SVT (ilimin halittu da ƙasa) da shimi duk a allo ake yin su, yaro zai zana abu ya haddace bai taɓa ganin shi da ido ba. Ɗakin karatu kabad guda ne a ofishin surbeyan. A kolej ana iya lallaɓawa da haka, amma wanda ke son seri C ko D, wato ɓangaren lissahi da kimiyya na lise, da gaske, ina ganin har yanzu cikin gari ne wurinsa. Ba banza ba sunan Lise Ɗan Baskore ke da nauyi a bakin mutane, manya da yawa na ƙasar nan ta can sunka bi, haka Lise Teknik Ɗan Kasawa ga mai son sana'ar hannu da fasaha, wanda yara ke zuwa daga jihohi daban-daban. Wanda ya samu wuri can da ƙoƙarinsa ni ba zan ce mai kar ya je ba.

Sai dai a yi lissahin hanya. Daga wurinmu zuwa cikin gari kabu-kabu dala hamsin ne zuwa in ka yi sa'a, dawowa haka, ka haɗa da na kalaci ka ninka da kwanakin wata ka gani. Namiji a saya mai keke a huta, haka na yi ma ɗan ƙanena, amma yarinya budurwa kullum bisa mashin ɗin wanda ba ka sani ba cikin zahin Afirilu, ga masu tsayawa bakin hanya, ni dai hankalina bai kwanta ba. Tawa da ƙafa take zuwa ita da ƙawayenta, in an tashi da wuri kahin in ji labari tana gida. Ina da yaƙinin 'yan mata da yawa na unguwar nan da sunka kai tarwaziyam, da a ce lakwal na nesa da tuni an cire su an yi musu aure, musamman ɗiyan waɗanda sunka taso daga ƙauye.

Damina ta 2024 ta nuna muna wani abu kuma. Ruwan ƙarshen Agusta ya yi ɓarna ƙwarai a garin nan, gidajen laka sun zube an rasa rayuka, mutane sunka koma cikin azuzuwa, har gwamnati ta ɗage rantire zuwa 28 ga Oktoba a duk ƙasa. Tsoffin unguwanni na gangare su sunka hi jin jiki, mu da ke tudu bisa rairayi da sauƙi, kuma bayan nan wasu da yawa sun tattaro sun dawo wajenmu da yaransu.

Game da sakamako, don Allah a daina ruɗuwa da kashi kaza cikin ɗari da ake mannawa a ƙofa ko a tura a WhatsApp. Wata pirive sai ta tace yara, masu rauni a ce su je su yi kandida libir, wato su zamna jarrabawa ba da sunan lakwal ɗin ba, sannan a hito a ce an ci kusan duka. Lakwal ɗin gwamnati ba ta da wannan damar, duk wanda anka turo dole ta karɓa, har yaron da ya gama CM2 bai iya karanta layi biyu ba. Kuma shekara ma na da nata, a 2021 kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya ci BEPC a duk Nijar, to wa za ka zarga. Tambayar da ta hi ita ce yara nawa sunka shiga siziyam, nawa sunka kai tarwaziyam a cikinsu, don a siziyam ɗin nan ne ake zubar da yara, mwayen ba ta kai ba a maimaita, a sake a kore. A nan tamu ta ɗan yi dama-dama tun da anka fara kur na ranar Asabar ga 'yan siziyam, wanda wasu malamai biyu ke yi kusan sadaka.

Abin da ke ci min rai shi ne masu halin da sunka tare unguwar yawancinsu pirive suke kai nasu. Haƙƙinsu ne, kuɗɗinsu ne. Amma na lura duk gyaran da anka samu daga 'yan kaɗan ɗin da sunka bar ɗiyansu nan ya hito, don su ne ke iya ɗaga waya su kira wani a ofishin ilimi na jiha a saurare su. Talaka ɗan gudun hijira ko ya ga ba daidai ba sai ya ce Allah ya kyauta ya koma gida.

Makin da zan bada, tunda da maki anka saba: siziyam zuwa tarwaziyam CES ɗinmu 12 bisa 20, ta cikin gari ita ma 12, kowace da inda take ɗingishi, to in haka ne gara ta kusa da gida. Seri A namu, ɓangaren adabi, 11, ana iya zama. Seri D kuwa 8, ba zan ɓoye ba, cikin gari 13. Ɗiyata ta ce Baba ni D nike so, to shi ne yanzu muke ta shawara da uwarta, ko ta ƙarasa sagwan nan mu ga ko malamin fizik ɗin bana zai zamna, ko a nemi taransfar ta koma wurin gwaggonta cikin gari.

Wanda ke shirin kai yaro, ya je da kansa ranar aiki wajen ƙarhe 9 ba tare da ya sanar ba, ya ƙirga ajin da ke da malami a ciki, ya leƙa bayin mata, ya tambayi wa ke koyar da lissahi da fizik da tun yaushe yake wurin. 'Yan unguwarmu kuma akwai taron COGES bayan rantire kan maganar katanga, an ce kowane gida bulo ashirin ko kuɗɗinsu, masu ɗiya a pirive ma a zo don awakinku ne ke cinye itacen da yara sunka shuka.