Kafin ka biya ishtiraki a Saudiyya, duba ta inda za ka fita

Wata innata da ke zaune a Share Mansur a Makka ta kira ni da sassafe. Ta ce, "Ɗana, zo ka duba min wayar nan. Duk katin da na sa, kafin kwana uku ya ƙare, kuma ban kira kowa ba." Da na je na bi saƙonninta, sai na tarar ta taɓa danna wani talla, tun daga ranar ake turo mata addu'a kowace safiya ana cirar kuɗi daga rasidinta, wato kuɗin da ke cikin layinta. Ita a zatonta sadaka ce wani bawan Allah yake yi. Mun soke, amma abin da ya tafi ya tafi.

Tun lokacin, idan aka tambaye ni wanne ya fi tsakanin Shahid da Netflix, manhajojin kallon fina-finai da ake biya wa ishtiraki, wato kuɗin wata-wata ko na shekara, sai in ce a fara faɗa min ta ina za a biya. Hidima ɗaya ce, amma hanyar da ka bi ka biya ita za ta sa fita ta yi sauƙi ko ta zama wahala.

Biya ta layin waya, ko stc ne ko Mobily ko Zain, shi ya fi jan mutanenmu, don ba ya buƙatar katin banki, kuma da yawa daga cikinmu ba su da asusu. Lamba kawai za a turo maka ka shigar, shi ke nan. Matsalarsa a sauƙin nasa take. Kuɗin na narkewa a cikin rasidi ko fatura (bil ɗin wata) tare da na kira da na intanet, ba ka ganinsa shi kaɗai, yaro ma zai iya shigar da kai yana wasa da wayar. Idan dole sai ta nan, to ka riƙa buɗe manhajar kamfanin layinka kana duba hidimomin da ke ɗaure da lambarka. In an cire maka abin da ba ka yarda da shi ba, kamfanin za ka fara kai wa ƙorafi, ka ajiye lambar ƙorafin. Sai idan bai warware ba za ka ɗaukaka zuwa hukumar sadarwa ta ƙasa, CST. Ni dai ba na bai wa dattijo shawarar wannan hanya.

Biya ta Apple ko Google Play ya fi tsabta, domin duk abin da ka shiga yana jere a shafi ɗaya da ranar da za a sake cira. A iPhone, saitin waya za ka shiga, ka danna sunanka, ka nemi wurin ishtiraki. A Android kuwa cikin Play Store ne, ƙarƙashin hoton asusunka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne goge manhajar daga waya yana ganin ya rabu da ita. Gogewa ba sokewa ba ce, cira za ta ci gaba. Haka kuma abin da ka shiga ta Apple, a wajen Apple za ka soke shi, ko ka yi ta rubuta wa masu manhajar can za su mayar da kai. Gwajin kyauta kuma, Apple da kansu sun ce a soke aƙalla awa 24 kafin ya cika.

Katin mada, wato katin cirar kuɗi na bankunan Saudiyya, kai tsaye a shafin kamfani ba laifi ga mai lura, tunda banki na turo saƙo duk lokacin da aka cira. Sai dai kowane kamfani da inda ya sa maɓallin sokewarsa, kuma in kana da hidima biyar, wuri biyar za ka bi. Netflix dai in ka soke za ka ci gaba da kallo har ƙarshen watan da ka biya. Ka kuma duba ko farashin da aka nuna ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, wanda ake karɓa tun Yulin 2020.

Wanda na fi so wa iyali shi ne katin kyauta (gift card), irin wanda ake sayarwa a Jarir da manyan kantuna. Ka sayi na riyal 50 ko 100 ka loda, in ya ƙare babu inda za a ƙara taɓawa, muddin ba ka ɗaura katin banki a asusun ba. Amma a kula da abu biyu. Katin Saudiyya ba ya shiga asusun da aka buɗe da Nijeriya ko Nijar, don haka duba ƙasar asusunka kafin ka biya mai kanti. Sannan ƙarewar kuɗi ba ya nufin an soke, ranar da ka sake lodawa tsohon ishtirakin na iya riga ka cinyewa. Da wannan na mayar da innata, riyal 50 na kai ta lokaci mai tsawo.

Ishtirakin shekara ya fi na wata araha, amma galibi in ka soke a tsakiya ba a dawo maka da ragowar. Mai kallon ƙwallo na kaka ɗaya ko fina-finan azumi, na wata ya ishe shi.

Wanda ya zo Umra ko yake shirin komawa gida gaba ɗaya, ya soke komai tun layin Saudiyya na hannunsa, domin lambar tabbatarwa a kan layin take zuwa. Apple ma ba zai bari ka sauya ƙasar asusu ba sai ka soke ishtirakinka ka kuma kashe ragowar kuɗin da ke ciki.