Hoton faɗuwar rana mai faɗi a bakin kogin Yamai: me ya kamata sabon shiga ya saya?

Rana ba ta jiran mai hoto. A Yamai, daga lokacin da gindinta ya taɓa tsallaken kogi zuwa lokacin da ta ɓace, minti biyu ne da ɗoriya, domin duniya na juyawa digiri 15 a sa'a guda, faɗin ranar kuma a ido rabin digiri ne kawai. Bayan nan sai jan sararin sama na kamar minti 20, wanda yawanci ya fi ranar kanta kyau, ga kuma ladan yana kiran magariba. Duk kayan da mutum zai saya don hoto mai faɗi, wato panorama, da wannan ɗan lokaci ya kamata ya auna su.

Aikin kansa ɗinki ne. Ana ɗaukar hotuna a jere, kowane yana hawa kan na gefensa da kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan manhaja ta nemo wuraren da suka yi daidai ta haɗe su, kamar yadda tela ke barin rara a bakin ƙyalle don ya sami inda zare zai kama. Hanyoyi uku ne a gaban sabon shiga, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu tana da yawa.

Ta farko tana aljihunka. Kusan duk Tecno, Infinix, Samsung ko iPhone ta zamanin nan tana da yanayin panorama: ka danna, ka juya a hankali, salula ta ɗinke da kanta. Ko dala ba za ka kashe ba, kuma idan hoton WhatsApp da Facebook kawai zai je, to kusan ka gama. Sai dai faɗuwar rana ita ce inda wannan hanya ta fi rauni. Wajen rana haske ne mai kashe ido, wajen gabas kuma duhu ya fara shiga. Wata wayar tana canza hasken tana cikin juyawa, sai ka ga layi-layi a sama. Wata ta riƙe na farko, sai ranar ta fito farin tabo babu launi. Dabarar da ke taimakawa ita ce farawa daga ɓangaren ranar. Ga kuma gada: hannu ya ɗan karkata, sai gadar Kennedy, da ke tsaye miƙe tun 1970, ta fito da ƙusumbi.

Ta biyu ita ce nake ba kowa shawara ya gwada kafin ya fitar da ko jika ɗaya: salular dai, amma hoto ɗaya-ɗaya, a ɗinke daga baya a kwamfuta. Sharaɗi guda ne, wayar ta yarda a kulle abubuwa uku, wato haske, launi da saitin nisa. A iPhone ana danna yatsa a riƙe a kan allo har kullin haske da saitin nisa ya bayyana. Wayoyin Android da yawa suna da yanayin Pro, wadda ba ta da shi kuma sai a saka mata Open Camera, kyauta ce. Idan za ka sayi sabuwar waya don wannan aiki, kar mai shago ya ruɗe ka da yawan megafiksel da ke jikin kwali. Karɓi wayar a hannunka, buɗe kyamara, nuna ta ƙofar shago inda rana take, kulle hasken, sannan juya ta cikin shagon. Idan hoton ya tsaya yadda yake, ya yi duhu bai gyara kansa ba, ta ci jarrabawa. Idan kuma tana adana RAW, wato ɗanyen hoto da ba a matse ba, wannan ƙari ne babba, domin daga cikinsa ake ceto inuwar bishiyoyin Harobanda, unguwar da ke tsallaken kogi, ba tare da an ƙona sama ba.

Riƙe wayar a tsaye, ba a kwance ba. Hotunan za su yi yawa, amma za ka sami isasshen sama da ruwa da za a yanke bayan ɗinki, don gefunan ba sa taɓa fitowa daidai.

Ta uku, kyamara ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Tsofaffin Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18 ko Nikon D3200 ta 2012 mai 24, da gilashinsu na 18-55mm, har yau sun fi yawancin wayoyi riƙe bambancin haske da duhu. Amma sayen kayan hannu a ƙasar hunturu yana da nasa ciwon, wato ƙura. Kafin ka biya, saita ƙofar haske a f/16 ko f/22, ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton da girma. Ɗigo-ɗigon toka da ka gani ƙura ce a kan idon kyamarar na ciki, wanda ke kama hoton a bayan gilashi. A hoto guda ba komai ba ne, amma a panorama kowane ɗigo zai maimaita kansa sau adadin hotunan da ka jera, a saman da babu abin da zai ɓoye shi. Ana gogewa, sai dai ka sa wannan cikin ciniki. Tambayi yawan ɗaukar da ta yi, ka gwada batir da caja a gaban mai kayan. Mai sayarwa da ya ce “Alhaji, ai daga Turai ta zo, ba sai ka gwada ba”, gode masa ka yi gaba.

Akwai gilashin da ake ɗaurawa a gaba don rage ƙyallin ruwa da ƙara shuɗin sama. Don wannan aiki kar ka saya. Aikinsa yana canzawa gwargwadon kusurwar rana, don haka sama za ta fito wani wuri duhu wani wuri fari.

Maganar ƙafa uku, wato abin da ake kafawa a ƙasa a ɗora kyamara ko waya a kai, tana raba kan masu hoto. A ganina, idan abin da kake ɗauka nesa yake, kamar tsallaken kogi da tuddan bayansa, hannu ya isa muddin da sauran haske, matuƙar ka juya wayar a inda take maimakon ka zagaya da ita a tsawon hannu. Matsala tana zuwa ne idan akwai abu kusa, kamar reshen bishiya, ƙarfen baranda ko kwale-kwale a ɗaure a gabanka. Abin kusa yana gocewa daga na nesa tsakanin hoto da hoto, manhaja ta rasa wanda za ta bi, sai ƙarfe ya fito a karye. Akwai kan ƙafa na musamman da ke maganin wannan, mai tsada, kuma sabon shiga ba ya buƙatarsa. Ja da baya daga abin kusa ya fi araha. Ƙafa ukun talaka kuwa tana da amfani bayan rana ta faɗi. Abin dubawa a jikinta biyu ne: tana da ɗan kumfan ruwa na auna daidaito, kuma kanta yana juyawa gefe ba tare da ya sunkuya ba. Marar nauyi sosai iska na kaɗa ta.

Sai manhajar ɗinki, inda kogin ke nuna halinsa. Manhaja tana neman alamomi tsayayyu, ruwa kuwa motsi yake, sama mai hazo kuma babu komai a cikinta. Abin kamawa kawai shi ne siririn layin gaɓar can, don haka kowane hoto ya ƙunshi gaɓar, kuma zaɓi manhajar da za ta bar ka ka sa alamomin da hannunka idan ta rikice. Hugin tana yin haka, kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux ba tare da intanet ba, sai dai fuskarta ba ta da fara'a, za ka sha zama kafin ka saba. PTGui ta wani kamfanin Holand ce, ta fi sauri da sauƙi, amma ta kuɗi ce, sai mai aikin hoto na sana'a. Lightroom na kwamfuta yana ɗinki tun 2015, har da RAW, da dannawa biyu ko uku. Illarsa biyan kuɗi wata-wata da katin banki, kuma idan ya kasa haɗawa babu inda za ka sa masa hannu. Microsoft ICE da mutane suka so kamfanin ya daina ba da ita, don haka a yi hattara da shafukan da ke raba ta. Hugin da PTGui suna kuma barin ka rufe wani sashe na hoto, abin da za ka nema ranar da masunci ɗaya ya fito sau biyu don ya tuƙa yana bin juyawarka.

Inda hoton zai ƙare shi ke yanke hukunci. Bugu mai faɗin mita ɗaya yana son kamar fiksel 5,900 a tsawo idan daga ɗan nesa za a kalle shi, ninkin haka idan za a matso a duba. Hotunan salula shida ko bakwai da aka ɗinke suna kaiwa can. Wajen aika wa mai bugu, tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto idan aka tura kai tsaye.

Lokacin shekara ma yana shiga lissafi. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:30, ta karkata kudu maso yamma. A Yuni da Yuli sai bayan 7:15, ta koma arewa maso yamma, tazarar kusan digiri 48. Wurin da ya yi maka daidai da sanyi ba lallai ya yi da damina ba. Hazon hunturu yana dusashe rana ta zama jan faifai da wayar ma ke iya ɗauka, gajimaren damina kuma shi ke kawo launuka, kuma shi ne ke neman RAW ko kyamara. Idan za ka tsaya kusa da gada ko ginin hukuma, tambayi jami'an tsaron wurin kafin ka kafa ƙafa uku, kuma kar ka nufi wurin soja da kyamara ko kusa.

Ga mai ƴan kuɗi, jerin sayayyata shi ne ƙafa uku mai kumfa da maƙalin waya, sai Hugin a kwamfutar gida ko ta aboki. Kyamara ta jira sai ranar da ka buga hoton farko, ka ga da idonka abin da wayar ta kasa.