Hattara da ƙwan LED na "wat 100" da ake tallatawa masu babur

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu babur, musamman 'yan kilando, masu ɗaukar fasinja a babur, na Garwa, Marwa, Gidar da Kusiri da ke kaiwa dare a kan hanya. Wannan gargaɗi ne daga masu aikin wutar babur a kan wata damfara da ake yi da sunan ƙara wa fitila haske.

LED ɗin kansa ba shi da laifi. Ƙwai mai kyau, idan ya dace da babur kuma aka ɗaura shi daidai, ya fi na da haske kuma bai kai shi shan wuta ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Marwa zuwa Mora bayan isha ya san dalilin da ya sa mutane ke neman ƙarin haske: ramuka, jakuna, amalanke marar fitila, ga masu keke. Wannan buƙatar ce wasu suka mayar abin ci.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai talla zai zo tashar 'yan kilando ko ya tsaya bakin kasuwa da kwali mai sheƙi, an rubuta 100W, an rubuta lumen 20,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), wani lokaci har da tutar Jamus ko ta Japan a gefe. Zai ja ka cikin rumfa mai duhu, ya jona ƙwan a batirin mota, ya haska maka a ido na daƙiƙa biyar. Idonka zai rufe, ka ce lalle wannan wuta ce. To ko tocilan ɗin waya aka dalla maka a ido cikin duhu haka za ka ji. Ba a gwada fitila a ido, a bango ake gwada ta, kuma za mu zo kan wannan. Wasu ma ƙwai biyu suke riƙewa: mai nauyi na gwaji, da marar nauyi wanda za a sa maka a kwali bayan ka biya. Wanda aka gwada a gabanka shi za ka karɓa hannu da hannu, kada ya koma jaka.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin kwalin. Ƙwan da baburanmu ke zuwa da shi daga kamfani galibi mai wat 35/35 ne. Irin wanda ake kira HS1 yana ba da lumen wajen 825 a wutar nesa, 525 a wutar kusa, wato far da kod. H4 na mota, mai wat 60/55, yana ba da wajen 1,650 da 1,000. LED mai kyau, bayan ya ɗauki zafi a cikin gidan fitila, abin da yake bayarwa bai wuce lumen ɗari da 'yan kai a kowane wat ɗaya ba. Ke nan ƙwai mai shan wat 10 zai ba ka wajen lumen dubu, in an yi sa'a. Dubu ashirin daga ina? Sannan da a ce wat 100 ɗin gaskiya ne, a bolt 12 zai ja amfa 8 da ɗoriya, batirin babur mai 5Ah ba zai kai minti arba'in ba in inji a kashe yake, siririyar wayar fitila kuma sai ta narke. Ta kowace fuska dai ba ka tsira ba: in lambar ƙarya ce an cuce ka, in gaskiya ce babur ɗinka ba zai ɗauka ba.

Aunawa ba wuya. Kowane mai gyaran wuta na kirki yana da mita. A juya ta zuwa 10A na DC, a mayar da jar waya ramin 10A, a sa mitar tsakanin kan batir mai alamar + da wayar ƙwan, ɗaya ƙafar ƙwan kuma a kai ta −. Abin da ta nuna a ninka shi da bolt ɗin batir. Idan ta nuna 0.8, batir kuma yana 12.5, to wat 10 ke nan, ko da kwali ya rantse da wat 100. Kada a cire nan take. A bar shi a kunne minti goma zuwa goma sha biyar ana duban lambar. Ƙwai na kirki zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Na banza zai yi ta gangarowa yana dusashewa, domin zafi ya fi ƙarfinsa. (In an gama a tuna a mayar da jar wayar mita raminta na bolt. Wanda ya manta ya ɗora ta kan batir, fiyus ɗin mitar ne zai tafi.) Mai sayarwa da ya ce ba shi da lokacin wannan gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Zafi shi ne ajalin LED, kuma nan ƙasarmu ba ta da sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Kusiri yana haura digiri 40, ga gidan fitila a rufe, ga zafin inji. Ƙwan halojin, wato irin na da mai zare a ciki, yana fitar da zafinsa ta gaba tare da haske, shi kuwa LED ta baya yake tara shi, sai an sami abin da zai janye. Shi ya sa ake yi masa gindin alminiyom mai tsaga-tsaga, wani da ƙaramar fanka. Na jabu roba ce aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa da makulli, ka ɗan kankare gefe da farce ko wuƙa. Alminiyom yana da sanyi a hannu kuma in an kunna shi gindin zai yi zafi, alamar yana janye zafin ke nan. Gindin da ya zauna da sanyi alhali ƙwan yana ci, zafin yana can ciki yana dafa shi. Mai fanka kuma ka kasa kunne ka ji tana juyawa. Ko ta gaske ce, ƙurar hunturu tana toshe ta, sai an riƙa buɗewa ana hurewa. Ga mai yawan bin hanyar ƙasa, marar fanka mai kaurin gindi ya fi kwanciyar hankali.

Abin da masu tallar nan ba sa taɓa tambaya shi ne irin wutar da ke zuwa fitilarka, alhali nan ne yawancin asarar take. Ƙananan babura da yawa, irin masu cc 100 zuwa 150 da ake aikin kilando da su, fitilarsu ta gaba ba daga batir take sha ba. Daga koyil take sha kai tsaye, wutar AC, shi ya sa in ka ja totur haske ya ƙaru, in ka sake ya ragu. Ganewa: murɗa makulli, kada ka tayar da inji, kunna fitila. In ta kama, DC ce daga batir. In ba ta kama ba sai inji ya tashi, galibi AC ce. LED da aka yi domin DC kaɗai, in aka sa shi a AC, zai yi ta kyaftawa a silo, wato inji na aiki ba a ja totur ba, daga baya ɗan allon da ke cikinsa ya ƙone. A batirin motar mai talla kuwa lafiya lau ya kama, don haka in ka dawo da ƙorafi sai ya ce babur ɗinka ne ba lafiya. Mai babur irin wannan sai ya nemi ƙwan da aka yi domin AC da DC duka, kuma ya gwada shi a jikin babur ɗinsa, inji na aiki, a silo da kuma in an ja totur. Rubutun AC/DC a kwali ba hujja ba ce, tunda wanda ya buga wat 100 shi ya buga shi.

Akwai kuma zamba cikin aminci daga wasu masu ɗaurawa. Da sun ga ƙwan yana kyaftawa sai su yanke wayar koyil, su ja waya daga batir kai tsaye, ba fiyus, ba komai, su naɗe da leda. Ranar farko haske kamar rana. Amma cajin da irin wannan babur ke mayar wa batir ɗan kaɗan ne, an yi shi ne don hon da sigina da wutar birki. Bayan 'yan kwanaki na aikin dare sai sitata ta ƙi, hon ya shaƙe, ka koma wurinsa ya ce batir ya mutu, ga sabo nan yana sayarwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma wutar da fitila ta daina sha daga koyil ba ɓacewa take yi ba, regileta, mai daidaita ƙarfin wutar babur, ita ce ke ƙone ta ta zama zafi. Regileta mai rauni sai ta sare, wuta ta haura, ƙwan baya da na mitar gudu su bi. Kafin a taɓa komai a auna batir inji na gudu: tsakanin bolt 13.5 da 14.5 lafiya ne. Ya haura 15, regileta za a fara canzawa, ba ƙwai ba.

In har za a ɗauki wuta daga batir, ko don ƙwan gaba ko don ƙananan fitilun ƙari da ake ɗaurawa a ƙarfen kariya, ga yadda aikin kirki yake. Fiyus na amfa 5 kusa da kan batir, ya ishi fitilun da jimlarsu ba ta wuce wat 30 ba. Rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu masu lamba: 30 daga fiyus, 87 zuwa fitila, 85 zuwa jikin babur, 86 daga makunni wanda ke samun wuta sai an murɗa makulli, don kada yara su kunna maka da rana batir ya ƙare. A yawancin baburan Sin da suka bi tsarin Honda CG, baƙar waya ce mai wuta bayan makulli, koriya ta jiki, ja ta batir, rawaya ta koyil ɗin fitila. Sauran kamfanoni launinsu daban ne, a bi da mita. Waya ta zama jan ƙarfe na gaske mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Ita ma akwai ta jabu, alminiyom da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Kankare silin ɗaya da reza, in cikin fari ne ka ajiye musu kayarsu.

Sai maganar gindi. Akwai H4, akwai HS1, akwai BA20D mai ƙusoshi biyu a gefe, akwai P15D mai faifai. Ba duka ke shiga gurbin juna ba. Wanda ya ce maka ƙwansa "yana shiga kowane babur", sannan ya ɗauko filaya yana lanƙwasa kunnuwa ko yana cusa robar tayar ciki don ya zauna, ya ɓata maka fitila. Madubin da ke cikin gidan fitila an ƙera shi ne don haske ya fito daga wuri guda, daidai inda zaren tsohon ƙwai yake. In ƙwayoyin LED suka kauce ko da milimita kaɗan ne, ko aka jera su ta kowane gefe kamar masara, hasken sai ya watse sama da gefe. Kai kana ganin rassan bishiya da rufin shaguna, ramin da ke gabanka kuwa babu, wanda ke tahowa kuma ka makantar da shi, kuma kanka zai nufo.

Gwajin bango shi ke raba gardama. Da magariba a tsayar da babur a shimfiɗaɗɗen wuri marar gangara, mita 5 daga bango, mai shi na zaune a kai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango da gawayi daidai wannan tsayi. A kunna wutar kusa. Ya kamata a ga iyaka a fili, haske a ƙasa, duhu a sama, kuma iyakar ta kwanta wajen santimita 5 ƙasa da alamar. In ba iyaka sam, haske ya bazu kamar an watsa ruwa, ƙwan bai dace ba, kuma ba juya sukurun saiti da zai gyara shi. In an juya zuwa wutar nesa kuma ba abin da ya canza sai ɗan ƙarin haske a wuri ɗaya, shi ma haka. Ɗan kilando ya sake gwadawa da fasinja a baya, domin nauyi yana ɗaga kan babur.

Launi ma ana ruɗin mutane da shi. Mai shuɗi-shuɗin nan da ake rubuta wa 8000K ya fi ɗaukar ido a kasuwa, amma cikin hazon Disamba da Janairu ko ruwan Agusta dawo maka yake yi a fuska. Tsakanin 4300K da 6000K ya fi, mai ɗan rawaya kuma ya fi daɗin ido a ƙura.

Na ƙarshe su ne waɗanda ko ƙwan ma babu. Hotuna a Facebook da WhatsApp, bidiyon fitila tana haska daji, farashi rabin na kasuwa, wai kaya suna Duwala ko sun taso daga Mubi. Za a ce ka tura rabin kuɗi ta Orange Money ko MTN Mobile Money, a sa maka a motar ajans. Kashegari a ce 'yan duwan, wato kwastan, sun riƙe kaya, ka ƙaro kaɗan. Daga nan lamba ta daina shiga. 'Yan'uwanmu na Njamena su ma ana yi musu irinta, a ce kaya na Kusiri, saura su haye gadar Ngeli. Duba sunan da ke fitowa kafin ka tabbatar da turawa: in ya saɓa da sunan da mai tallar ya ba ka, tsaya. Lambar sirrinka kuwa ba mai sayar da kaya da ke da hurumin tambayarta. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada ya goge saƙonnin. Ya riƙe lambar shaidar turawa da hotunan hirar, ya je ofishin kamfanin waya da wuri, sannan ya kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda. A Kamaru sashe na 318 na kundin hukunta laifuka ya haɗa da damfara, akwai kuma dokar 2010 kan laifukan intanet, hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa ma tana karɓar irin wannan ƙorafi.

In za ka saya, saya a shago mai mazauni wanda gobe za ka same shi, a ɗaura a gabanka, ka karɓi rasit da aka rubuta irin ƙwan da kwanakin da za ka iya mayarwa. Tsohon ƙwanka kuma kada ka bar wa mai ɗaurawa, don wasu sabon kwali suke sa shi su sayar. Naɗe shi a tsumma mai tsabta ba tare da yatsa ya taɓa gilashin ba, saboda maiƙon hannu yana sa halojin saurin ƙonewa, ka ajiye a akwatin gefe tare da sukurdireba. LED kan ɗauke wani lokaci ba gargaɗi, kuma tsakanin Figil da Garwa da tsakar dare ba shagon da za ka samu a buɗe.